Tsakanin Jami'ar Ɗan Dikko da maƙwabta: musayar baitoci

Mai Goron Bagalam:
Jami'ar Ɗan Dikko, mun yi sallama,
Tun 2010 kike Maraɗi, ba gardama.
Ɗalibai sun cika gari, haya ta yi sama,
Murzuna, tsutsar gero, na cin zangarniya, manomi ba makama,
Ilimin yana cikin katanga, bai leƙo ba ma.

Malamin Gona:
Mai Goro, furzar da goron ka saurara,
Ɗan ƙaramin zanzaro ake kiwo, a ƙunshe shi a ƴar jakar algarara.
Tsutsa 25, da gero, da gari a ƙara,
Matan zanzaro biyu masu ƙwai a ciki, a ɗaure a gyara,
Jaka 15 ƙauye guda, farautar murzuna ta fara.

Manomin Tarna:
Malam, kar ka ci da gumin INRAN, cibiyar binciken noma ta Tarna,
Can aka riga ku kiwon, ku kun tarar da shi da rana.
In gero ya yi bununi ake ratayawa, ba sai an ga ɓarna,
A reshen itace, inda ruwa da cinnaka ba sa kwana.
Mai feshi ya kashe zanzaron, murzuna ta tashi da murna,
Rani kuma na cinye shi, baɗi sai an sake kamar bana.

Ƴar Mokoyo: Tarna ta yi magana! A ba Malam ruwa ya sha.

Alƙalin Kari: Malamin Gona, ɗangonka na biyu ya yi tsawon hanyar Dakoro. Kuma wa ya taɓa rera 25? Karin ya karye tun daga nan.

Ɗalibar Noma: Ranka ya daɗe, Mai Goro ya cusa 2010 a baiti ba ka tanka ba. Manomi ya yi ɗango shida, kowa biyar yake yi, nan ma shiru. Alƙalancin na ƴan gari ne?

Alƙalin Kari: Na Mai Goro ɗingishi ne, na malaminku gurguntaka.

Hajiya Mai Wake:
Ku bar faɗan kari, ƴaƴana, ku zo ga aiki,
Buhun PICS: saƙaƙƙe a waje, leda biyu a ciki.
Wake ya bushe ƙayau, a tsince tsinke, shi ke huda da suki,
A matse iska, kowace leda a ɗaure ta daban, ba a saki.
Ƙwaro ya rasa numfashi, ba hoda, ba hayaƙi,
A aza kan katako nesa da bango, don ɓera ɓarawon ɗaki.
Ku aiko ɗalibai su nuna wa mata, ba sai ranar biki.

Ɗan Kabu-kabu:
Hajiya ta gama, ni ga tawa ƙorafin titi,
Ran da bursu, kuɗin tallafin ɗalibai, ta makara, taya ke ci, mu ke asarar minti.
Mai waina ta kwashe tanda, mai shago ya ja kanti.

Ɗalibar Noma:
Yayana, bursu daga Yamai take, ba mu ke buga ta ba,
Ran da muka tafi hutu, ai ba ka cika tanki ba.
Mai waina ma ta sani, kwanon ƙullunta bai ƙare ba.

Ƴar Mokoyo: Kai! Wannan yarinya ba ta da daɗin taɓawa.

Alƙalin Kari: "Ba, ba, ba" ba amsa-amo ba ne, ƴata, gudun wahala ne. Shi kuma Kabu-kabu, ƙorafi namiji ne, "nawa" ake cewa. Kanti kuma ba a jan shi, ƙofa ake ja.

Ɗan Kabu-kabu: Baba, kai kullum gyara. Ina naka baitin?

Malamin Gona:
Manomi, na makara, ina duba takardun jarrabawa,
Tarna da jami'a hannu ɗaya suke, kai ne mai rabawa.
Zancen feshin da ka yi daidai ne, ban da ƙarawa,
Sai dai ka gaya wa maƙwabcin gonarka, shi ke fesawa.