Kare ko karya: a ina halinsu ya bambanta?

Sabon Shiga

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya ce ga waɗanda suka daɗe da karnuka a hannu. Mai son ɗaukar kwikwiyo ɗaya don zaman gida, sai a ce masa namiji ya fi kuzari da rawar kai, mace ta fi natsuwa da saurin ɗaukar horo. Wasu kuma su ce a'a, macen ce mai saurin sauya hali. Wanne ya tabbata a aikace?

Mai Horo

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abu biyu ake cakuɗawa a wannan magana: kuzari, da halin da neman barbara ke haifarwa. Na biyun ne ya rataya a kan namiji ko mace.

Kuzari kuwa ka neme shi a irin karen, da shekarunsa, da abin da ya gado wajen iyayensa. Karyar Malinois ko Border Collie sai ta wuni tana zirga-zirga, namijin Bulldog bai ɗaga daga inuwa ba. Irin ma ba shi ne komai ba. Wani babban bincike da mujallar Science ta buga a 2022, kan karnuka sama da 18,000, ya nuna irin kare kusan kashi 9 cikin 100 kawai yake bayyanawa na bambancin hali tsakanin wannan kare da wancan. Shi ya sa a ciki ɗaya za ka ga 'yar mace ta hana kowa sakat, ɗan'uwanta namiji kuwa barcinsa yake sha.

Sau da yawa abin da ake kira kuzarin namiji nauyi ne kawai. Namijin German Shepherd yana kai kilo 30 zuwa 40, mace 22 zuwa 32. Jan igiya ɗaya ne, tsalle ɗaya ne, amma kafaɗar mai riƙe da shi ta san bambanci.

Abin da yake na namiji da gaske yana fitowa ne tsakanin wata 6 zuwa 12, lokacin tashen balaga: ɗaga ƙafa yana ɗiga fitsari a kowace kusurwa, hawa kan wasu karnuka, neman hanyar fita, da sandarewa idan ya ga wani namiji, bindi a sama, gashin wuya a tsaye. Kiran da yake amsawa da gudu yana ɗan wata 4, yanzu sai ya ji ka ya ci gaba da shinshinarsa. Bai manta ba, hancinsa ne ya rinjayi kunnensa. A wannan lokacin kada a sake shi a fili. A sa masa doguwar igiya mai mita 5 zuwa 10, a kira shi sau ɗaya, ya zo a ba shi lada, a sake barinsa ya koma. Idan duk kira yana nufin wasa ya ƙare, zai daina zuwa. A wajen yawo a ware masa minti 10 na farko ya yi shinshinarsa iya so, sauran tafiyar ba tsayawa.

Uwar Kwiyakwiyai

Malam Mai Horo ya faɗi na namiji, ga na mace. Halin namiji kusan ɗaya ne shekara zagaye. Ita mace da ba a cire wa mahaifa ba, halinta yana tafiya da lokaci, kuma wanda bai san lokacin ba shi ne ke cewa ba ta da tabbas.

Tana fara neman barbara galibi tsakanin wata 6 zuwa 12. Ƙananan iri sukan riga, manyan iri kan kai wata 18, wasu har shekara 2. Daga nan kusan duk wata 6 ne, sai irin su Basenji da ke yi sau ɗaya a shekara. Kafin a ga jini ma hali ya fara motsi: wata ta liƙe wa mai ita ko'ina ya sa ƙafa, wata ta koma lungu, wata ta rage cin abinci. Za ka ga tana yawan tsugunawa tana fitsari kaɗan-kaɗan a hanya. Saƙo take bar wa maza, ba ciwon mara ba ne.

Matakin farko kimanin kwana 9 ne. Gabanta ya kumbura, jini yana ɗiga, maza suna binta amma tana korarsu, ta zauna daram ko ta juyo da gurnani. Mataki na biyu shi ma kimanin kwana 9, kuma nan ake yin kuskure. Jinin ya dusashe ya koma ruwa-ruwa, sai a zaci abin ya wuce, a buɗe mata ƙofa. Alhali lokacin ne take tsayawa wa namiji, ta karkatar da bindi gefe, kuma ita da kanta take neman fita. Karyar da ba ta taɓa leƙa waje ba sai ta haƙa ƙarƙashin shinge. Waɗannan kwanaki matsakaici ne, wata takan wuce su, don haka a ƙirga sati 4 cif daga ranar da aka fara ganin jini, ba fita sai da igiya, kuma ƙofa biyu tsakaninta da duk wani namiji. A rubuta ranar a ajiye, za ta yi amfani.

Idan tsautsayi ya sa sun riga sun manne, kada a ja su, kada a doke su. Cikin minti 5 zuwa 30 za su rabu da kansu, jan su da ƙarfi yana ji wa duka biyun ciwo. A riƙe macen kada ta fizga, sannan a nemi likita da wuri idan ba a son cikin.

Likitar Dabbobi

Hajiya, bari in ɗora daga inda kika tsaya, domin bayan barbarar ne mafi yawan masu karya suke rikicewa.

Ko ta ɗauki ciki ko ba ta ɗauka ba, sinadarin furojestaron, wanda ke riƙe ciki, yana zama da yawa a jininta kusan wata 2. Shi ya sa da yawansu suke yin sanyi a wannan lokacin, barci ya ƙaru, wasa ya ragu. Da ya sauka, sinadarin da ke kawo nono ya hau, sai wasu su shiga cikin ƙarya. Nono ya cika, ta tattara tsummoki ta yi shimfiɗa a lungu, ta ɗauki takalmi ko abin wasa ta kwanta a kai tana lasa, wanda ya matso ta yi masa gurnani. Ba mugun hali ta koya ba, kuma duka ba ya maganinsa. A ɗauke abin da take reno lokacin da ba ta gani, a ƙara mata yawo, a hana yara zuwa lungunta, kada a tatse nonon ko a shafa shi domin taɓawa ƙara shi take. Cikin sati 2 zuwa 3 yakan wuce. Idan ya zarce, ko nonon ya yi zafi ya taurare, akwai magani a wajen likita.

Wanda nake so kowa ya riƙe shi ne wannan: karyar da ta yi laushi a cikin makonnin da suka biyo bayan barbara, tana shan ruwa fiye da kima, tana yawan fitsari, ta ƙi abinci ko tana amai, kada a ce sauyin hali ne. Mahaifa ce mai yiwuwa ta tara mugunya. Wani lokaci ana ganin ruwa mai wari yana fita, wani lokaci bakin mahaifar a rufe yake ba a ganin komai, kuma wannan ya fi haɗari. Ranar ake kai ta, ba gobe ba. Wani bincike da aka yi a Suwidin, aka buga a 2001, ya gano kusan ɗaya cikin huɗu na karnuka mata da ba a yi wa aikin cire mahaifa ba suna kamuwa da wannan ciwo kafin su cika shekara 10.

Baba Mai Gadi

Akwai ɓangaren da ba a taɓo ba, wato in za a haɗa biyu a gida ɗaya. Nan ne maganar "mace ta fi sanyi" take ba mutane kunya.

Faɗan maza hayaniya ce ta fi yawa. Haushi, ture-ture, ɗan rauni a kunne, ɗaya ya kwanta ya nuna ciki, magana ta mutu. Mata biyu idan suka ƙulla gaba, faɗan ba ya zuwa da gargaɗi sosai, cizon ya fi nutsewa, kuma sukan maimaita. Yawanci yana farawa ne sa'ad da ƙaramar ta kai shekara 1 zuwa 3, ko lokacin da ɗaya ke neman barbara. Wuraren tashinsa sanannu ne: bakin kwano, ƙofa mai ƙunci, dawowar mai gida, da shafa ɗaya a gaban ɗaya. Kwano a raba shi ɗaki daban-daban, a kwashe da zarar sun gama. In faɗa ya kaure kada a kai hannu wuya, a nan mutane ke shan cizo. Mutum biyu, kowa ya kama ƙafafun baya na ɗaya ya ɗaga ya ja da baya, ko a zura faffaɗan katako tsakaninsu.

Mafi zaman lafiya namiji da mace ne, da tazarar shekara biyu ko fiye, a yi wa aƙalla ɗaya aiki. In ba a yi ba, a shirya wa sati uku na rashin barci, domin namijin zai ƙi abinci, ya yi ta kuka cikin dare, ya rame, ya gurgure ƙofa. Ko karyar maƙwabta ce ta shiga lokacinta, hakan yake yi.

Sabon Shiga

Na gode ƙwarai, Baba. Likita, to idan an yi wa namiji fiɗiya, zai natsu ke nan gaba ɗaya?

Likitar Dabbobi

A'a, ɗan'uwa. Fiɗiya tana rage abin da sha'awa ke tunzurawa ne kaɗai. Akwai tsohon binciken Benjamin Hart da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, na 1976: yawon neman mata ya ragu a kusan kashi 90 cikin 100 na karnukan, fitsari a cikin gida da hawa da faɗa da wasu maza kuma a kashi 50 zuwa 60. Jan igiya, tsalle kan baƙi, tauna kaya, haushin gadi, duk suna nan, waɗannan aikin horo ne da motsa jiki. Karen da tsoro ne ke sa shi cizo ma, fiɗiya ba ta gyara shi, wani lokaci tsoron ƙaruwa yake yi. Mai shakka yana iya gwadawa tukuna da wani ɗan ƙaramin magani da ake dasawa ƙarƙashin fata, wanda ke tsayar da sinadarin maza kusan wata 6. A makonnin farko halin kan ɗan ƙaru kafin ya sauka, don haka kada a yanke hukunci da wuri.

Karen da aka ce ya zama malalaci bayan aiki, galibi ƙiba ce. Buƙatar abincinsa tana raguwa da kusan kashi 20 zuwa 30 cikin 100, amma cinsa yana ƙaruwa, kwano kuma bai sauya ba. A rage ma'aunin tun farko, a riƙa shafa gefensa duk sati biyu: ya kamata yatsu su ji haƙarƙari ba tare da dannawa ba. Namiji da mace duk ɗaya ne a nan.

Game da lokaci, ƙananan iri ana yi musu wajen wata 6. Wanda zai wuce kilo 20 in ya girma, gara a jira girma ya tsaya, wajen shekara ɗaya ko fiye, domin bincike kan irin su Golden Retriever ya alaƙanta yin aikin da wuri da matsalar gaɓoɓi. Mace kuma ba a yi mata tana tsakiyar barbara ko cikin ƙarya, sai kimanin wata 3 bayan ta gama. Ranar nan da Hajiya ta ce a rubuta, ga amfaninta. Kuma namiji yana iya yi wa karya ciki har sati 4 zuwa 6 bayan fiɗiya, a ci gaba da raba su.

Maganar Baba ma tana da madogara. A wani nazari na Jami'ar Tufts da aka buga a 2011, kan faɗan karnukan gida ɗaya, cikin gidaje 38 da aka duba, 30 jinsi ɗaya ne suke faɗan.

Mai Horo

Saura batun saurin ɗaukar horo. Abin da nake gani shi ne mata sukan ɗan riga maza hankali, kuma ba sa tsayawa shinshina kowane taki, sai su yi kama da sun fi fahimta a wata 8 ko 10. Zuwa shekara 2 wannan tazarar ta rufe. Wanda ya sha horo na minti 5, sau biyu ko uku a rana, shi ne ke gaba, ko wane jinsi ne.

Don haka in ka je zaɓe, ƙanena, fara da uwar. Dubi yadda take karɓar baƙo, ko tana matsowa da jiki a sake, ko tana ja da baya tana haushi. Sannan ka ɗauki kowane kwikwiyo shi kaɗai zuwa wurin da bai saba ba. Ka saki maɓallai su faɗi ƙasa nesa da shi kaɗan. Firgita ba laifi ba ce, abin dubawa shi ne ko ya dawo ya shinshina abin cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ka yi wasa da shi minti biyu, ka daina, ka ga ko zai iya sauka ya zauna ko sai ƙara hawa yake yana cizon hannu. Ka je sau biyu a lokuta daban, domin wanda ya ƙoshi yanzu zai yi kama da mai sanyi ko da shi ne fitinannen cikin. Kada a raba shi da uwa kafin sati 8, kuma daga ranar da ya zo hannunka har ya kai sati 12 zuwa 14, ka gabatar masa da mutane iri-iri, da ƙarar mota, da taɓa ƙafa da kunne, a hankali kuma da lada, kana kiyaye shi daga cuɗanya da karnukan da ba a yi wa rigakafi ba har nasa ya kammala.