Masta fin na sarƙar katafila: ya ake gane shi, ya ake cire shi?

Sani Mai D6:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu aikin manyan injina. Dan Allah a taimaka min. Muna da tsohuwar katafila ƙirar D6 a wajen sharar gona, aidila ta gaba ta hagu (wilin ƙarfen nan da sarƙa ke zagayawa a kansa) ta mutu sai zubar da mai take, kuma dole sai an raba sarƙa kafin ta fito. To ni dai duk fin ɗin iri ɗaya nake ganinsu, ga laka ta bushe a kai ga tsatsa. Wanne ne masta, wato fin ɗin da ake cirewa a raba sarƙa, kuma guduma kaɗai za ta fitar da shi ko sai an kawo injin?

Baba Makanike:
Wa alaikumus salam Sani. Kar ka taɓa guduma tukuna, fara wanke sarƙar ka bi kan kowane fin da burushin waya, ciki da waje. Sarƙa iri biyu ce. In irin mai mai a ciki ce wadda Caterpillar ke kira SALT, yawanci ba masta fin za ka nema ba, linki ɗaya za ka gani an raba shi biyu da haƙora suna cizon juna kamar bakin kada, bol huɗu na takalmin da ke kansa, wato faifan ƙarfen da ke taka ƙasa, su suka riƙe shi, kana kwance su sarƙa ta rabu. In kuma busasshiya ce to ka nemi fin mai ɗan rami a tsakiyar kansa, shi ne masta. Wani yana da kai a gefe ɗaya da ɗan ƙarfen kulle a ɗayan. A tsoffin motocin nan namu kuma sau da yawa za ka tarar wani ya taɓa ɗiga masa walda, in ka ga haka to ka same shi, sai ka goge waldar da giranda.

Amma abin da na fi so ka riƙe shi ne giris, domin matsinsa ne ke tura aidila gaba ya ɗaure sarƙar. Ka tuƙa a hankali fin ɗin ya zo gaban aidila, sannan ka buɗe murfin da ke jikin firam ka sassauta bawul ɗin giris zagaye ɗaya kawai, kar ka cire shi gaba ɗaya kuma dan girman Allah kar ka kai fuskarka wajen don ka ga ko yana fita, matsin da ke ciki zai iya harbo bawul ɗin ya kashe mutum. Sarƙar za ka kalla, in ta saki za ka ga ta yi ciki. Sai ka sa katon katako a ƙarƙashin takalmin gaba don kar ta zubo a ƙafar wani.

Ɗan Walda:
Baba ya gama magana wlh. Ni abin da zan ƙara, ka samo ƙarfe mai ɗan sirantaka fiye da fin ɗin, shi za a ɗora a kan fin ɗin a riƙa duka, a walda masa dogon hannu, kar yaro ya riƙe da hannunsa wani na dukan. Ku tokare bayan linkin da ƙarfe mai nauyi in ba haka ba duk dukan a banza yake tafiya sarƙar tana ta lilo. Ka gasa kunnen linkin da wutar gas, ba fin ɗin ba, linkin ake so ya buɗe. Kowa ya sa gilashi domin ɓarɓashin ƙarfen yana tashi. In ya ƙi, ni huda tsakiyarsa nake da wuta in bar shi ya huce, yana hucewa yake tsukewa ya fito da duka kaɗan, sai dai ka fara sayo sabo ka ajiye.

Injiniya Habu:
Malam Ɗan Walda ban ƙi taka ba amma wutar nan in ta yi yawa tana kashe taurin linki, ramin ya buɗe, gobe fin ya riƙa zamewa waje ana aiki. In akwai hali Sani ka yi hayar injin matse fin na haidirolik, irin mai tan 100, ya tura shi salin alin. Kuma ka lura bushin ɗin masta, wato bututun da fin ke shiga cikinsa, ya fi sauran gajarta, akwai ƙananan zobba biyu a gefensa, suna faɗuwa cikin ƙasa in an raba, ka tsince su ka adana.

Sani Mai D6:
Allah ya saka da alheri. Na wanke na ga mai ramin, busasshiya ce. Baba ta wane gefe zan buga?

Baba Makanike:
In ba shi da kai ko ta ina zai fita, duba inda hannun bileda bai tare hanya ba ka tura shi can. In bakin ya baje saboda dukan baya ka goge shi ya daidaita kafin ka fara, kuma ka jiƙa shi da man dizal tun daren yau.