Kiran Suna: Musayar Waƙar 'Yan Aji Ɗaya Bayan Ritaya

Monita:

Da sunan Allah zan kira suna,
'Yan aji ɗaya ku zo mu zauna,
Abin da muka gano mu nuna,
Ga masu shirin zuwa ritaya.

Fanshon ma'aikata yana da asali,
A Jamus, 1889, Bismarck ya aza tubali,
Sai mai shekara 70 ke karɓa, ku yi hankali,
Da yawa ba sa kai wa nan a duniya.

Yau mutum ya aje aiki yana da 60,
Ya ƙara 20, wani ma har 30,
Guzurin da aka ɗaure na kwana 40,
Ba ya kai shi ƙarshen wannan tafiya.

Akawu, kai ne na farko. Fara da takarda.

Akawu:

Ga ni, Monita, na amsa kira,
Takarda ce farkon mai kawo wuya.

Saura shekara biyu ka sauka,
Nemi fayil ɗinka ka bi shi ɗaya-ɗaya.

Takardar kama aiki, da ta tabbatarwa,
Da na ƙarin girma, ka haɗa su wuri ɗaya.

Ranar haihuwa nan ake tuntuɓe,
Fayil ya ce Maris, banki ya ce Mayu, an tsaya.

Harafi guda in ya bambanta a suna,
Kwamfuta ba ta san ka ba, sai ta juya baya.

Gyara na da sauƙi kana kan kujera,
In ka sauka, wata da watanni kana bibiya.

In ana cire maka kason fansho duk wata,
Nemi bayanin asusunka, kar ka ji kunya.

Cirewa daban, zubawa daban,
Na wata shida na iya maƙalewa a hanya.

Jera takardun albashi da na asusu,
Watan da babu, rubuta ƙorafi, kwafi a ajiya.

Kwafi uku: na gida, na wurin amini,
Na uku hoto ne, ya zauna a waya.

Sunan magajin da ka cike kana saurayi,
Duba shi, wataƙila mai sunan ya bar duniya.

Ma'aji:

Akawu, takarda ta yi, an saki kuɗi,
Nan ne ƙafa ke zamewa a faɗi,
Wanda bai taɓa riƙe dunƙule ba ya ji daɗi,
Ya ɗauka kogi ne, alhali ruwa ne a ƙwarya.

Wata ukun farko kar ka taɓa shi,
Sai dai ka cire ka biya bashi,
Mai kawo shawara da zafi ka sallame shi,
Ciniki na ƙwarai ba ya ɓaci don an tsaya.

Sannan ka kasa shi uku a takarda,
Kashin farko na shekara guda,
Ci da magani da hidimar gida,
A inda za ka ɗauko shi yau ba wuya.

Na biyu ka sa shi inda yake haihuwa,
Wurin da hukuma take dubawa,
Ka san ranar da ake cirewa,
Da abin da za a yanke in ka riga ranar biya.

Na uku kaɗai ne na gwajin sana'a,
Wanda ko ya nutse, an rasa sa'a,
Asirinka na rufe cikin jama'a,
Wuta ba ta mutu ba ƙarƙashin tukunya.

Ga lissafi, kowa ya riƙe shi,
Ka raba 72 da hauhawar farashi,
Amsar ce shekarun da kuɗi ke rasa rabin ƙarfinshi,
Ko da yana kulle cikin ma'ajiya.

In hauhawa 12 ce cikin ɗari,
Shekara 6 ta cinye rabin jari,
In ta kai 24, abin da sauri,
Shekara 3, mai sayen biyu ya koma sayen ɗaya.

Lauya:

Ma'aji, ka bar mai zaƙin baki,
Mai tallar riba ninki a kan waya.

A Boston, 1920, Charles Ponzi ya yi ta,
Riba 50 cikin 100 a kwana 45 ya ce zai biya.

Babu ciniki a ƙarƙashin abin,
Kuɗin sabon shiga ake miƙa wa na baya.

Wata biyu, uku, ana biyanka daidai,
Don ka ƙara zubi, ka jawo ƙani da yaya.

Ranar da sabbin shiga suka ragu,
Ofis a kulle, lamba ba ta shiga, an ɓuya.

Tambayi me ake sayarwa, wa ke saye,
In amsa ta yi ta kewaye, ka ga ƙarya.

Kuma kar ka tsaya wa mai rance da takardar gida,
In ya kasa, da gidan za a biya.

Malamin Gona:

Kashi na ukun da ka ce, Ma'aji,
Sau da yawa yana ƙarewa a kaji,
Bari in nuna wa 'yan aji,
Inda lissafin kiwon yake karya.

Mai ƙwai mako 18 take tana ci,
Har 20, ba ƙwai, sai zuba abinci,
Wanda gini ya cinye jarinsa, kafin lokaci
Sai ya karyar da su ga duk mai saya.

In ta fara, gram 120 ne cinta a yini,
Kaza 500 kilo 60 ke nan, ka yi tunani,
Cikin kowace 10 da ka kashe, ɗan'uwa, ka sani,
6 zuwa 7 a bakin kaza suke tafiya.

Na nama mako 6 zuwa 8 sun kai,
In babu mai saye a hannu, ci suke kawai,
Kowane kwana bayan nan nauyi ne a kai,
Riba na zubewa kamar ruwa a rariya.

Ruwan rigakafi sai a cikin sanyi,
In ya sha zafi, aikin banza aka yi,
Baƙo ya shigo da takalmi, cuta ta bi layi,
Kafin mako kana kwashe su ɗaya-ɗaya.

Fara da 50, ka yi zubi biyu,
Rubuta nawa suka mutu, nawa suka rayu,
In littafi ya nuna abin zai yiwu,
Ka ƙara, kana tsaye a kai, ba kiwo ta waya.

Monita:

Kuɗi sun sha magana. Jikin da zai ci su fa?
Likita, sunanka na kira, faɗa mana lafiya.

Likita:

Ga ni. Hawan jini ba ya sallama,
Shekaru yana ɓarna babu alama,
Ciwon kai ba shi ne ma'auni ba ma,
Sai an ɗaura abin awo a san gaskiya.

Ka huta minti 5 kana zaune,
Tafin ƙafa a ƙasa, baya a jingine,
Ba magana, ko da wa ke kira ne,
Damtse a tebur daidai da zuciya.

Awo biyu, minti ɗaya a tsakani,
Safe da yamma, a rubuta a littafi don a gani,
Maɗaurin da ya matse wa mai kaurin damtse, abokina,
Yakan ɗaga lamba, ya faɗi ƙarya.

140 bisa 90 in ya kai ko ya wuce,
A rana biyu daban, shi ke nan an ce
Hawan jini ne, in magani ya dace,
Kullum ne, har ranar da kake jin lafiya.

Ga inda ake faɗuwa: lamba ta sauka,
A ce an warke, ƙwaya a daina ɗauka,
Maganin ne ya danne ta, ba ta tafi ba haka,
Mako kaɗan ta koma inda take a baya.

Gishiri gram 5 ne iyaka a rana,
Ƙaramin cokali bai cika ba in ka auna,
Har da na ɓoye cikin abin da ka tauna,
Haka ta ce, Hukumar Lafiya ta Duniya.

Diclofenac da ibuprofen na ciwon gaɓa,
Kullum-kullum in baki ya saba,
Ƙoda da tumbi su suke taɓa,
Su ɗaga jini, a nemi sauƙi a sayo jinya.

In fuska ta karkace, hannu ya saki,
Harshe ya yi nauyi a cikin baki,
Alamar shanyewar ɓarin jiki ce, kar a tsaya shafe-shafe a ɗaki,
A duba agogo, asibiti a kama hanya.

Akwai allurar narkar da gudan jini,
Cikin awa 4 da rabi take da amfani,
Sai an yi hoton kai likita ya gani,
Ko toshewa ce, ko fashewar jijiya.

Malamar Jinya:

Likita, ka bar mini suga da ƙafa,
Su ke daɗar da mutum a gadon jinya.

Awo da safe, awa 8 ba a ci komai ba,
In suga ya kai 126 mg/dL ko sama, a sake a wata safiya.

In ya maimaita, ciwon suga ne,
Daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne, a juya.

Suga na kashe jin ƙafa a hankali,
Ƙusa ta shiga, mutum bai sani ba yana tafiya.

Duk dare a duba tsakanin yatsu,
A zazzage takalmi kafin a sa, ko don tsakuwa ɗaya.

Faɗuwar banɗaki ce ke karya ƙugu,
A kafa ƙarfen riƙewa a bango, fitila a hanya.

Daga gado a zauna tukuna minti guda,
Jiri ya wuce, sannan a miƙe a tsaya.

Tafiya minti 150 a mako, 30 sau biyar,
Saurin da magana ke fita amma waƙa ta yi wuya.

Kwana biyu a mako a ba tsoka aiki,
Tashi daga kujera sau 10 ba dafawa, in an iya.

Ido duk shekara. Yanar ido, aiki na cire ta,
Abin da hawan jinin ido ya ci ba ya dawowa baya.

Hedimasta:

Kun yi kuɗi da jiki, saura lokaci,
Awa 8 da ofis ya saba ci,
Sun dawo hannu, in ba abin yi su yi ɗaci,
Watan farko hutu ne, na shida kewa ce a zuciya.

Wayar da ke ƙara tun da asuba,
Kujera ake kira, ba mai kujera ba,
Wanda bai gane haka da wuri ba,
Sai ya ɗauka mutane ne suka juya baya.

Maganinsa jadawali, a rubuta a manna,
Sa'ar tashi ɗaya a kowace rana,
Fita uku a mako, inda aka san ka da suna,
In ba ka zo ba a ɗaga waya a tambaya.

Barcin rana minti 30 ya isa,
In ya zarce, na dare ne zai yi nisa,
Abin da ka iya, nemi yaro ka koya masa,
Awa biyu a mako, ilimi ba ya son ajiya.

Gida na da tsarinsa tun shekaru,
Kar ka dawo ka ce sai da kai zai gyaru,
Kira iyali su zo su taru,
Ka faɗi nawa ne fanshon, lambar gaskiya.

Ɗan da bai san lambar ba yana auna ka,
Da albashin da, sai ya ɗora ma ka,
Kai kuma nauyin baki ya sa ka ɗauka,
Daga nan ake fara taɓa kashin ajiya.

Ma'aji:

Monita, kan asusun 'yan aji in ƙara,
Abu uku ke kashe shi tun an fara,
Sa hannu ɗaya, ba rasit, ba bincike a shekara,
Sai zargi ya shigo ya kwance tsintsiya.

Mutum uku a banki, biyu su sa hannu,
Zubi ta asusu, ba hannu da hannu,
Mai bincike daban, ya bi shi sannu-sannu,
Duk wata 6 a karanta wa kowa baki ɗaya.

A rubuta tun yau me ake bayarwa,
Nawa ne na jinya, nawa na rasuwa,
Ban da rance, shi ke hana mutum zuwa,
Mai bashi kan guje wa taro don kunya.

Monita:

Rajista ta zagaya, biyu ba su amsa ba,
Lamba 9 da 23, ba a ji ɗuriyarsu ba,
Saƙo bai isa a ce an duba ba,
Na kusa da su ya taka, ya kama hanya.

Likita, ba shi abin awo ya riƙa,
Akawu, jerin takardun nan ka miƙa,
In fansho ne ya tsaya, a ga wacce ba ta cika,
In jiki ne, Malama, sai ki shirya.