Zanen mazaɓu a Amurka: maguɗi ne ko iya taku?

Ɗan Charlotte: Jama'a, raina a ɓace yake. Jihar North Carolina tana da kujeru 14 a majalisar wakilan tarayya. A 2022 bakwai-bakwai aka yi. 'Yan Republican na majalisar jiha suka sake zana mazaɓu a 2023, sai ga Republican 10, Democrat 4 a 2024. An cusa masu zaɓen Democrat cikin mazaɓu kaɗan, sauran aka yayyanka unguwanninsu aka watsa. Tun kafin ka fita layi an san wanda ya ci. Maguɗi ne tsagwaronsa!

Mai Tasi: Maguɗi? Ka ji tsoron Allah, ɗan'uwa. An sace akwati? An yi aringizo? Ƙuri'arka an ƙirga ta.

Ɗan Charlotte: An ƙirga ta bayan an kashe ta.

Malamar Asibiti: Alhaji, wanda ya danne mudu tun kafin awo ai ya fi mai satar tsaba.

Mai Tasi: Hajiya, Kotun Ƙoli ta ce a 2019 ba hurumin kotunan tarayya ba ne. Abin da doka ta bari ba a kiransa maguɗi.

Malamar Asibiti: Ba hurumina ba daban, halal daban. Kuma alƙalai biyar da huɗu ne.

Mai Tasi: To jihar Illinois fa, inda 'yan Democrat suka zana mazaɓu? Democrat na da kujeru 14 cikin 17. Can iya taku ne, nan maguɗi?

Ɗan Charlotte: Mun san hular da ke cikin motarka.

Baban Yara: Abin tsoho ne. Gwamnan Massachusetts, Elbridge Gerry, 1812, ya sa hannu a kan wata mazaɓa mai kama da ƙadangare.

Ɗalibi: Baba, ba ƙadangare ba ne. Salamanda ne, dangin kwaɗo.

Baban Yara: Yaro, kwaɗo da jela? Da wa kake magana?

Ɗalibi: A yi haƙuri, Baba, amma talibambam ma da jela.

Mai Tasi: Wace hula? Fito fili ka faɗa!

Shugaban zaure: Ya isa. Abin da aka tsayar: kowa ya yarda kalmar maguɗi ta yi nauyi, Alhaji ya kawo hujjar kotu, ba a iya amsa maganar Illinois ba. Ɗalibi ya nemi gafarar Baba. An rufe.

Malamar Asibiti: Wane kowa?