Musayar waƙa: rushe filin wasa na RFK a Washinton

Ɗan Anakostiya:
Salamu alaikum 'yan'uwa. An sa wa filin RFK katafila, ni kuwa abin ya tsaya mini a rai.

A 1961 aka buɗe ƙofa,
Gaɓar Anakostiya an ka kafa shi.
Besbol da zari-rugar Amurka gida guda ne,
Kujeru ake turawa don a raba shi.
Da an ka harbe Robert Kennedy,
A 1969 sunansa an ka ba shi.
Yau ga ƙarfe yana cin bango,
Mutan Washinton, kun yarda a rusa shi?

Mai Gora:
Kukan me kake yi, ƙanena?
Bazawara ce, kowa ya sake ta.
Senators 'yan besbol sun gudu Texas a 1971,
Daren ban kwana ma an ɓata:
'Yan kallo suka afka cikin fili,
Aka bai wa Yankees wasan kyauta.
'Yan zari-ruga sun yi Maryland a 1997,
Ko waiwaye ba su yi mata.
Nationals 'yan besbol sun zo a 2005,
Shekara uku suka tattara suka bar ta.

Hajiya 'Yar Nima:
Allah ya ja zamaninka Ɗan Anakostiya, kai ne sha'irin zauren nan, ko wa zai ji haushi. Mai Gora, ga naka:

Bakinka ya fi gorarka nauyi,
Kofin Duniya na 1994 ka tsallake don ka ɓoye.
Owairan na Saudiyya ya ɗauko ƙwallo
Tun daga gidansu, Beljiyam na biye,
Ya yanke su ɗaya bayan ɗaya ya zura,
A filin nan, kowa ya miƙe tsaye.
Freddy Adu ɗan Tema ta Gana, shekara 14,
Nan ya fara, rigar D.C. United sanye.

Malam Arulu:
Hajiya, a rage yabo a duba awo. "Shi, shi, shi" wakilin suna ne aka jera, amsa-amo ya fi haka wuya. Sannan a karanta 1969 da baki: dubu ɗaya da ɗari tara da sittin da tara. Wane kari ne zai ɗauki wannan a ɗango ɗaya? Ba Mutadarik ba, ba Kamil ba.

Hajiya 'Yar Nima:
Mai Gora shekaru uku ya cusa a tasa waƙar, ba ka ce uffan ba. Don ɗan garinku ne?

Malam Arulu:
Tasa ma ta karye, Hajiya. Amma "kyauta" da "ɓata" ƙafiya ce ta gaske.

Ɗan Anakostiya:
Malam Arulu mai awon gaɓoɓi,
Kai dai ƙirga, mu muna rerawa.
Kullum kana gyaran na mutane,
Naka baitin har yau ba ya fitowa.
Yaya Mai Gora, ga dalilin kukana,
Ka tsaya ka ji, ka bar tsalmawa.
Marshall mai ƙungiyar zari-ruga
Ya hana baƙar fata ƙofar shigowa.
Ƙasar filin ta gwamnatin tarayya ce,
Minista Udall ya gindaya: ɗauka ko ficewa.
A 1962 Bobby Mitchell, baƙar fata, ya sa riga,
Kangararriyar ƙarshe ta yi risinawa.
Wurin da aka karya wannan girman kai,
Shi kuke wa shewar rushewa?

Mai Gora:
Na Mitchell gaskiya ne, na sara masa,
Amma Udall ya yi, ba siminti ba.
Commanders, 'yan zari-rugar, za su dawo wurin nan,
Sabon gini ne, ba ƙaura ba.
Ka ajiye hawaye sai an sa tikiti,
Ka ga kuɗin da ba na mai taksi ba.

Hajiya 'Yar Nima:
To ka ga, da bakinka ka kama kanka. Tsohon filin talaka na shiga da jirgin ƙasa, ya sauka a tasha ya taka da ƙafa, benci na rawa in an ci ƙwallo. Wa ya taɓa maka taksi kuma da za ka jawo sana'ar mutane?

Malam Arulu:
"Minista Udall ya gindaya" ya zarce ɗan'uwansa da gaɓa uku, ku ƙirga. Baitina kuwa yana nan tafe bayan Isha'i, ƙwar biyar, da amsa-amon "ki". Wanda ya isa ya amsa da shi.