Neman shawara: tafin ƙafata a shimfiɗe yake, wane takalmin gudu zan saya?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan da na fara gudu bayan sallar asuba, kilomita 5 sau uku a mako, a kan kwalta. Da kambas ɗin zuwa kasuwa nake yi. Yanzu ƙwaurina ke zafi ta ciki, har hawa bene yana ba ni wuya. Ba na son in daina, na ji daɗin jikina sosai. Don Allah a ba ni shawara.

Wani ɗan uwa daga Zariya: Wa alaikumus salam. Kafin ka kashe ko sisi, ɗora kambas ɗin a kan tebur ka dube shi ta baya. In ya kwanta ciki, kuma ƙasansa ya fi cinyewa ta wajen babban yatsa, to ƙafarka tana karkata ciki in ka taka. Irinku ake yi wa takalmi mai ɗan tauri ta gefen ciki, kamar Asics Gel-Kayano ko Brooks Adrenaline.

Wata 'yar uwa: Malam, ni ma haka ƙafata take, in na jiƙa ta na taka siminti sawun duka yake fitowa. Amma da na sa mai taurin, ƙasan ƙafata ya riƙa tokarewa. Nike Pegasus na koma, na samu lafiya. Ba kowace shimfiɗaɗɗiyar ƙafa ke son tauri ba. Ka je shagon takalma da yamma, lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da kake gudu da ita. A gaba ya rage fili kamar faɗin babban yatsan hannu, dunduniya kuma kada ta riƙa zamewa. Ka ɗan sassarfa a gaban shagon, kada ka ji kunya.

Wani dattijo mai gudun safe: In gwanjo za ka saya a Ƙofar Wambai, kada kyan samansa ya ruɗe ka. Soson ƙasan takalmi yana mutuwa bayan kilomita 500 zuwa 800. Danna shi da yatsa. In ya tattare, ya ƙi dawowa, ajiye musu abinsu.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na duba, na hagu ya kwanta sosai, kuma ita ce ƙafar da ta fi ciwo.

Wani dattijo mai gudun safe: To ɗana, huta mako biyu tukuna. In ka dawo, fara da kilomita 2 a filin ƙasa, ba kwalta ba. In zafin ya tsaya a wuri ɗaya kan ƙashi, ko yana damunka kana zaune, ka je asibitin ƙashi na Dala a duba ka kafin maganar takalmi.