Da me za mu kira "cuve" ɗin gidan mai?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kalma ɗaya ta tsaya mini, ina neman taimako. Za a gina sabon gidan mai a unguwarmu nan Maradi, mai unguwa ya kira taro, aka ce ni zan juya wa mutane takardar aikin daga Faransanci zuwa Hausa, tunda na taɓa riƙe littafin wani gidan mai. A layi na uku na cije. An rubuta "cuve enterrée". Mu da muka yi aikin "kub" muke cewa, amma in na ce wa tsohuwar da rijiyarta ke bayan katangar filin "kub", me na gaya mata?

Ga wanda bai san abin ba: makeken ƙarfe ne kamar ganga a kwance, binne ƙarƙashin daɓen da motoci ke tsayawa. Wanda na yi aiki a kansa lita 20,000 yake ci. Sitarni ta juye masa isansi ko gazuwal, famfo ya jawo ta bututu. Daga ranar da aka rufe shi da rairayi aka zuba siminti, ido ya rabu da shi ke nan. Murfi kawai ake gani, sai dogayen bututun nan da ke tsaye jikin katanga, inda yake fitar da tururi.

Na ga amsoshinku, na gode. Masu cewa "tanki" sun fi yawa, musamman 'yan uwa na Katsina da Jibiya. Ban ƙi ba, sai dai a kunnen mutanenmu tanki shi ne na ruwa da ke bisa soro, wanda in ya huje yaro ma zai gani. Wani kuma motar dakon mai zai hango.

"Rijiyar mai" ita ce ta fi daɗin faɗa, kuma ita na fi tsoro. Da farko dai sunan yana da masu shi, rijiyoyin Agadem da ke ba matatar SORAZ ta Zinder ɗanyen mai tun 2011. Sannan rijiya da ƙasa abokan juna ne, ba mai zargin rijiya don ruwanta ya taɓa rairayi. Abin da muke magana a kai kuwa, aikinsa duka shi ne ya hana mai haɗuwa da ƙasa. "Rumbu" a bar wa manyan ma'ajiyun SONIDEP, kamfanin mai na ƙasa.

Bari in faɗi abin da ya sa na nace. Kullum da sassafe, kafin a sayar da lita ɗaya, mukan buɗe murfi mu zura sandar awo. Ana shafa wa bakinta wani mai kamar man goge haƙori, in ya koma ja, ruwa ya kwanta a gindi. Sai a gwada abin da sanda ta nuna da abin da famfo ya ƙirga jiya. Akwai lokacin da lissafi ya riƙa ƙin cika, kaɗan kaɗan, wata da watanni. Aka ce zafi ne ke shanyewa. Da abin ya ƙi ƙarewa aka ce yaran famfo ne, aka riƙa yanke musu albashi. Ɗaya ya rantse mini da hawaye, ni kuma na rubuta abin da aka ce in rubuta. Sai ranar da aka fasa daɓe don wani gyara, ma'aikaci ya ɗebo rairayi baƙi ƙirin a shebur, warinsa ya kore mu baya. Mahaɗin bututu ne tsatsa ta cinye. Har yau abin yana cina. Muna da sunan sata, muna da sunan zafi, amma wannan ba wanda ya kawo shi a ransa.

Ku yi lissafin da kanku. Ɗigo ashirin ke yin mililita guda. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa, dare da rana, ya haura lita 1,500 a shekara. Ƙasarmu kuma rairayi ce, ba ta riƙe abu. Mai yana gangarawa har ya tarar da ruwan ƙasa, ya kwanta a samansa tunda ya fi shi rashin nauyi, wani sashe ya narke a ciki. A cikin isansi akwai benzen, wanda ke jawo sankarar jini, kuma iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masa a ruwan sha ita ce mikrogram 10 a lita. Wajen gulbi, inda masu garka ke tarar da ruwa kusa, abin ya fi sauri. Mu maƙwabtan Tibiri ba sai an gaya mana abin da ruwa kan yi wa ƙashin yara ba. Can sinadarin fuluwor ne na cikin ƙasa, ba mai ba, amma shi ma ido bai gan shi a kwano ba.

Da la'asar na je wajen tsohuwar nan na kwatanta mata da hannu. Ta saurara har na gama, ta ce, "Ɗan nan, ai randa kake nufi." Ta kai ni lungun tsakar gida inda tata take, rabinta cikin rairayi, da faifai a baki. Na ce, "Inna, in ta tsage daga ƙasa ta yaya kike sani?" Ta ce ruwa zai ragu ba wanda ya sa moɗa, rairayin gindinta kuma ba ya bushewa.

Wani malamin makaranta ya rubuto cewa randa ta yumɓu ce, kuma naso halinta ne, da shi take sanyaya ruwa. Malam, maganarka gaskiya ce. Amma jirgi ma na katako ne a bakin kogi kafin ya hau dogo ya tashi sama. Nason nan kuwa shi ya ja ni. Duk wanda ya ji randa ya san abu ne da ake leƙawa, yana tsufa, yana tsagewa ta inda ba a gani.

Don haka na rubuta "randar mai ta ƙasa". "Double paroi" ta zama "randa cikin randa", da na'ura a tsakani mai ƙara in ta ciki ta huje. "Fuite" na raba ta biyu, yoyo ga wanda ake gani a bakin famfo, tsiyaya ga na ɓoye.

Takardar ta ambaci dokar muhalli mai lamba 98-56 ta 1998 da hukumar BNEE mai tantance illar ayyuka, waɗannan na iya da su. Wadda ta rage ita ce "épreuve d'étanchéité", gwajin da ake toshe randar a matsa mata iska a ga ko awon zai sauka. Na sa "gwajin tsiyaya" da fensir. Masu walda da masu gyaran radiyeta, ku da kuke wannan gwaji kullum, me kuke ce masa a gareji? Taron ranar Asabar ne bayan la'asar.